Hagun wa? Mita ko ƙafa? Zare kan fayilolin sauti 🧵

1/
Jama'a, akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, yau dai sai na amayar da shi. Magana ce kan fayil ɗin sauti, da yadda ya kamata ya riƙa faɗin inda kowace sifika take. Na san wani zai ce ina ruwansa. Ɗan yi haƙuri ka biyo ni, da ruwanka.

2/
Abokina ɗan ajin ƙarshe ne, aikinsa na kammala karatu gajeren fim ne na minti 14. Ni na taya shi haɗa sautin, saboda ina ɗan taɓa harkar. Muka ce bari mu burge, mu yi 5.1, wato sifika biyar da wufa ɗaya. Sati uku muna kai, wasu ranakun har kiran assalatu.

3/
Ranar nunawa ta zo, malamai na zaune a gaba, aka kunna. Jarumar tana tsakiyar allo tana magana, muryarta kuma tana fitowa daga sifikar dama, can wajen ƙofa. Ruwan saman da muka sa a baya ta hagu ya koma gurnani a cikin wufa. Tsawa kuwa ta faɗa ƙaramar sifikar baya, sai kakari take.

4/
Wani malami ya juyo ya ce wa abokina, "Kai, da gangan ka yi haka?" Abokina ya kalle ni. Ni kuma na kalli ƙasa. An rage masa maki a ɓangaren sauti. Har yau bai ce min komai ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

5/
Da na koma ɗaki na buɗe fayil ɗin, babu abin da ya lalace. Layukan sautin nan shida lafiyarsu ƙalau. Layin sauti shi ne rabon kowace sifika: na hagu daban, na dama daban, har shida. Matsalar jeri ce kawai. Ga yadda abin ya kasance.

6/
Manhajar da muka yi aiki da ita ta jera su irin jerin 'yan fim:
1 hagu
2 tsakiya
3 dama
4 baya-hagu
5 baya-dama
6 wufa

7/
Na'urar ɗakin kuma jerin WAV ta sani:
1 hagu
2 dama
3 tsakiya
4 wufa
5 baya-hagu
6 baya-dama
Ku gwada su da kanku. Layi na farko ne kaɗai ya sauka gidansa. Sauran biyar duk sun yi ɓatan kai.

8/
Akwai laifina a ciki, ba zan ɓoye ba. Na fitar da fayil ɗin babu tambarin da ke cewa wane layi na wace sifika ne, kuma ban je na gwada a ɗakin ba tun da wuri. Amma abin da ya dame ni shi ne: me ya sa tsarin fayil ɗin ya yarda a ajiye layi shida babu adireshi tun farko?

9/
Kamar ka ba ɗan achaba kwanon abinci shida ne ka ce ya kai gida shida, babu suna a kan ko ɗaya, ka dogara da cewa "ai ya san yadda ake jerawa". Ranar da aka canza ɗan achaba, tuwon Hajiya ya tafi gidan maƙota.

10/
Kuma jerin ba biyu ba ne kawai. A AAC, wanda ke cikin yawancin bidiyon MP4 da ke wayoyinku, tsakiya ce ke zuwa farko, sai hagu, sai dama. A Vorbis hagu, tsakiya, dama, na baya biyu, wufa a ƙarshe. FLAC ya bi jerin WAV. Duk wanda ya juya fayil daga wani tsari zuwa wani, dole ya san wannan, ko ya yi aika-aika.

11/
To ga ra'ayina a dunƙule, kafin in warware shi. Kowane layin sauti ya ɗauki adireshinsa a cikin fayil: aikinsa, da kusurwar da sifikarsa take daga mai sauraro. Kusurwa da digiri, nisa da mita. Ma'auni ɗaya tak, a rubuce a ƙa'idar tsarin, ba zaɓin mai ajiye fayil ba.

12/
Bari mu fara da abin da ake da shi. WAV ya fito a 1991, aikin Microsoft da IBM. A lokacin damuwar ita ce layi ɗaya ko biyu. Da sifikoki suka yawaita, sai aka ƙara wani fili mai bit 32 a goshin fayil, kowane bit yana nufin wata sifika. An raɗa wa 18 suna.

13/
Gaba-hagu, gaba-dama, tsakiya, wufa, baya-hagu, gefen-hagu, sama-tsakiya, da sauransu. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Da na cike wannan filin, kuma na'urar ta karanta shi, da abokina bai ji kunya ba. Amma suna kaɗai yana da iyaka, kuma an riga an ci karo da iyakar.

14/
Misali na farko: sifikokin baya na 5.1. Ƙa'idar ITU mai lamba BS.775 ta ce tsakiya tana digiri 0, hagu da dama suna digiri 30, na bayan kuma tsakanin 100 da 120, yawanci 110. To digiri 110 "gefe" ne ko "baya"? Gefe sosai 90 ne. Baya sosai 180 ne.

15/
Sakamakon haka yau 5.1 iri biyu ne a jerin sunayen nan. Wani fayil ya kira su na baya, wani ya kira su na gefe, alhali sifikoki ɗaya ake nufi. Wanda ya taɓa amfani da FFmpeg ya san yana nuna su a matsayin tsari biyu daban. Da an rubuta 110, da babu gardama.

16/
Misali na biyu: tashar NHK ta Japan ta ƙirƙiro tsarin 22.2, layi 24 ke nan. Akwai sifikoki uku a ƙasa, ta gaban mai kallo, da wufa biyu. A sunaye 18 ɗin nan babu "ƙasa" ko ɗaya, kuma wufa ɗaya ce. Jerin suna kullum yana bayan zamani. Lamba kuwa ba ta ƙarewa.

17/
Shi ya sa nake cewa a rubuta lamba biyu ga kowace sifika. Ta farko: nawa za ka juya kanka hagu ko dama kafin ka fuskance ta. Ta biyu: nawa za ka ɗaga kai ko ka sunkuyar. Da waɗannan biyun ka kwatanta kowace sifika a duniya, har wadda ba a ƙera ba tukuna.

18/
Ba ni na ƙirƙiro wannan ba fa. ITU tana da ƙa'idar BS.2051 inda sunan sifika shi kansa lamba ne. M+030 na nufin tsayin kunne, digiri 30. U+045 na nufin sama, digiri 45. Ka ga suna, ka san wuri. Irin wannan ya kamata ya zama ruwan dare, har a ƙananan fayiloli.

19/
Amma a nan ne rigima ta biyu take. Digiri +30 ɗin nan, hagu ne ko dama?
A ƙa'idojin ITU, lamba mai alamar tarawa hagu take nufi.
A tsarin CAF na Apple, lamba mai alamar tarawa dama take nufi.
Lamba ɗaya, ma'auni ɗaya, wuri biyu.

20/
Kuma kowa da hujjarsa. Mu da muka yi lissafi an koya mana kusurwa tana ƙaruwa saɓanin tafiyar hannun agogo. Kamfas kuma, irin wanda kuke duba alƙibla da shi a waya, yana ƙirgawa daga arewa ya bi hannun agogo. Injiniyan da ya taso da na farko da wanda ya taso da na biyu, kowa gani yake nasa ne daidai.

21/
Ni ban damu da wanda za a ɗauka ba. Da za a tambaye ni, na ITU zan ce, don shi gidajen rediyo da talabijin ke bi. Abin da na damu da shi shi ne a rubuta shi ɓaro-ɓaro a shafin farko: sifili yana gaban mai sauraro, tarawa hagu ce, kuma hagun MAI SAURARO ake nufi.

22/
Kar ku raina wannan na ƙarshen. Duk wanda ya taɓa taya ɗaura sifika a wajen biki ko wa'azi ya san tambayar: "A kai ta dama." "Damarka ko damata?" Wanda ke kan dandali yana fuskantar jama'a, hagunsa damarsu ce. Kwamfuta ba ta iya tsayawa ta tambaya. Abin da ta samu shi za ta aikata.

23/
Sai batun digiri ko radiyan. 'Yan uwana masu rubuta manhaja za su ce radiyan ya fi, don da shi ake lissafin cikin kwamfuta. Gaskiya ne. Amma fayil ba wurin lissafi ba ne, wurin ajiya ne. Digiri 30 a radiyan 0.5235987... ne, ba ya ƙarewa. Dole ka yanke shi.

24/
Da ka yanke, wani ya karanta ya mayar digiri, sai ya sami 29.99 da 'yan kai. Manhajarsa tana tambaya "shin wannan 30 ne?", amsa ta zo a'a, sai ta ɗauka wata baƙuwar sifika ce. Duk kusurwoyin da ake aiki da su, 30, 45, 90, 110, 135, cikakkun lambobi ne a digiri. A bar su haka.

25/
In kuma aka bar ƙofar biyun a buɗe, ga abin da zai faru. Wani ya rubuta 30 yana nufin digiri, wani ya karanta a matsayin radiyan. Radiyan 30 kusan digiri 1,719 ne. Cire zagaye huɗu, saura 279. Sifikar gaba-hagu ta koma digiri 81 ta dama. Ba saƙon kuskure, ba komai. Sauti kawai zai fito a inda bai dace ba.

26/
Yanzu nisa. A nan ne mu 'yan Najeriya ya kamata mu fi kowa fahimta, don rayuwarmu gaba ɗaya ma'auni biyu ce. Tela da inci yake awo, yadi muke sayen shadda, fili 50 da 100 ƙafa ake nufi, a aji kuma mita ake koya mana. Mudu ma na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba.

27/
Mutum yana jure wannan saboda yana iya tambaya, "Da wane mudun?" Fayil kuwa in ya ce nisan sifika 3 ne, ya yi shiru. Mita 3 ko ƙafa 3? Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka ƙafa 3 ba ta kai mita ɗaya ba. Bambancin ya haura ninki uku.

28/
Me wannan zai yi wa kunnenka? Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan guda, wato kusan milisakan 3 a kowace mita. Daga mita 3 zai iso ka a milisakan 8.7. Daga ƙafa 3, milisakan 2.7. Na'urar da ta yi kuskuren ma'auni za ta jinkirta sifikar da kuskuren milisakan 6.

29/
Kar ka ce milisakan 6 ba komai ba ne. Tazarar isar sauti tsakanin kunnenka na hagu da na dama ba ta kai milisakan ɗaya ba, kuma da ita ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito. Tun 1949 binciken Helmut Haas ya nuna cewa sifikar da sautinta ya riga isowa, ita kunne ke ɗauka a matsayin tushen sautin.

30/
Ga kuma ƙarfi. A fili, in nisa ya ninka biyu, ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6. Na'urar da ta zaci sifika tana kusa alhali tana nesa, za ta rage mata murya a banza. Lamba ɗaya da aka karanta da ma'aunin da ba nata ba ta ɓata lokaci, ta ɓata ƙarfi.

31/
Wanda yake ganin manya ba sa irin wannan kuskuren, ya tuna Mars Climate Orbiter. A Satumba 1999 NASA ta yi asarar wannan kumbon a duniyar Mars, saboda wata manhaja tana ba da lissafin turi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka niyuton ne. Bambancin ninki 4.45. Kumbo sukutum ya tafi.

32/
Wani zai ce: to ai sauƙi ne, a sa fili a fayil ɗin da zai ce "wannan mita ce" ko "wannan ƙafa ce", kowa ya zaɓi nasa. A ido kamar adalci ne. Ni a wajena tarko ne, kuma nan ne na fi tsayawa kai da fata.

33/
Dalili: fayil mutum ɗaya ke rubuta shi, amma manhajoji barkatai ke karanta shi. Duk zaɓin da ka ƙara, ka ɗora wa kowace ɗayansu aiki. Mai rubuta manhaja zai gwada da fayilolin da ke hannunsa, duk na mita ne, komai ya tafi daidai. Ranar da na ƙafa ya zo, ranar za a san bai kula da filin ba.

34/
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zaɓin ma'auni tsaga ce. Ba'amurken da ya saba da ƙafa, manhajarsa ta nuna masa ƙafa a allo, ya rubuta ƙafa, ita kuma ta juya zuwa mita kafin ta ajiye. Abin da ido ke gani daban, abin da ke kwance a fayil daban.

35/
Wasu kuma na cewa a ajiye nisa da lokaci, wato milisakan, tunda jinkiri ake nema. A'a. Gudun sauti yana bin zafin iska. A digiri 20 na zafi mita 343 ne, a digiri 40 kusan 355. A nisan mita 10, bambancin ya kai milisakan guda. Ɗaki mai sanyin na'ura da rumfar biki a Sakkwato cikin Afrilu ba ɗaya ba ne.

36/
Mita ba ta canzawa da yanayi. A ajiye mita, na'urar da ke wurin ta lissafa jinkirinta. Haka ma kar a ajiye da adadin ɗigon sauti, don ɗigo ɗaya a fayil mai 48,000 a sakan ba daidai yake da na mai 44,100 ba. Da ka canza wannan, lambar ta tashi daga aiki.

37/
A nan zan yi adalci ga masu cewa nisa ba shi da gurbi a fayil ɗin waƙa ko fim. Suna da gaskiya babba. Nisan sifika sifar ɗakinka ce, ba sifar waƙar ba. Mawaƙin bai san faɗin falonku ba. Shi ya sa na'urorin sinimar gida ke tambayarka nisan kowace sifika, ko su auna da makirufo.

38/
Don haka ni ma ban ce nisa dole ba ne. Kusurwa ce dole. Nisa a bar shi ga mai buƙata, kamar wanda ya naɗi sautin wani zaure yana son a san girman wurin. Amma in za a rubuta shi, to da mita, kuma a filinsa na kansa.

39/
Na ce filinsa na kansa saboda a CAF akwai wata 'yar alama guda: in an kunna ta, lambobin mita ne, in ba a kunna ba, gwargwado ne, wato 1 na nufin bakin da'irar sifikoki komai girmanta. Bit ɗaya ke raba "mita ɗaya" da "bangon ɗaki". Ni da fili biyu zan yi, kowanne da sunansa.

40/
Akwai kuma masu son a kwatanta wuri da lamba uku kamar akwati: hagu-dama, gaba-baya, sama-ƙasa. Dolby Atmos, da ya fara a 2012, haka yake kallon ɗaki. Kuma suna da dalili: a sinima mutane da yawa ne, babu kujera ɗaya da za a ce daga ita ake auna kusurwa.

41/
Na yarda da wannan ga sautin da ke yawo, kamar jirgi da zai wuce ta saman kai. Amma a lura: lungun akwati a lissafi digiri 45 ne, sifikar gaba-hagu kuwa a 30 take. Sai da ITU ta rubuta hanyar juyi ta musamman a BS.2127 don su haɗu. In fayil zai ɗauki salon akwati, ya faɗa a fili, kar a gauraya.

42/
Abu na gaba da ake mantawa: "ban sani ba" daban yake da sifili. Wufa ba ta da kusurwa. Aikinta ƙananan sautuka ne, har zuwa hez 120, kuma ana ƙara mata desibel 10 wajen kunnawa. In ka rubuta mata 0 da 0, ka ce tana gaban mai kallo ke nan, ka haɗa ta da layin magana.

43/
Haka ma ba duk layi biyu ne hagu da dama ba. Mai fassarar fim zai iya sa Hausa a layi ɗaya, asalin harshen a ɗayan. Mai hira zai iya sa makirufonsa a ɗaya, na baƙo a ɗaya. Shi ya sa na ce kowane layi ya faɗi aikinsa tukuna: sifika ce, wufa ce, ko layi ne mai zaman kansa.

44/
Opus ya burge ni a nan, kuma kullum kuna amfani da shi, shi ne saƙon murya na WhatsApp. Ƙa'idarsa ta RFC 7845, ta 2016, tana da lamba a goshin fayil: 0 layi ɗaya ko biyu, 1 jerin Vorbis har layi takwas, 255 kuma "babu ma'anar da aka ɗora wa layukan nan". Ya ba rashin sani lambarsa.

45/
Kuma ƙarin ƙarfin sauti a goshin Opus ma'auni ɗaya gare shi: desibel kashi 256, cikakkiyar lamba. Ba a tambayarka wanne kake so. Irin wannan taurin kan nake nema ga kusurwa da nisa. Inda ya gaza a ganina shi ne har yanzu jeri ne ke nuna sifika, ba kusurwa ba.

46/
Masu bidiyon digiri 360 ma sun sha wannan. Ambisonics, dabarar da Michael Gerzon ya yi fice da ita a shekarun 1970, tana da jeri biyu: tsohon FuMa mai W X Y Z, da AmbiX mai W Y Z X, kuma ƙarfin W ya bambanta da desibel 3. YouTube AmbiX yake karɓa. Ka ba shi ɗayan, gaba da gefe su rikice.

47/
"Duk wannan ba zai ƙara wa fayil nauyi ba? Data fa tsada." Mu lissafa. Kusurwa a kashi ɗari na digiri: daga -18,000 zuwa 18,000, bayit 2 ya ishe ta. Ta sama ma 2. Nisa a milimita, 2, ya kai mita 65. Bayit 6 a layi, 36 ga 5.1 gaba ɗaya.

48/
Sakan ɗaya na sautin 5.1 da ba a matse ba, mai ɗigo 48,000 da bit 24, bayit 864,000 ne. Muna maganar 36, sau ɗaya, a fayil ɗin duka. Kuma kashi ɗari na digiri ya wuce buƙata, don kunnen mutum a gabansa kusan digiri ɗaya yake iya bambancewa.

49/
"Ni da waya da iyafis nake kallo, ina ruwana da sifika shida?" Kai ne ma ka fi kowa ruwa. Wayarka ce ke haɗe layi shida su koma biyu. Tana raba layin tsakiya ga kunne biyu, ta rage na baya, yawanci ta jefar da na wufa. Duk wannan ya dogara da ta san wane ne wane.

50/
In ta ɗauki layin magana a matsayin dama, a kunne ɗaya za ka ji jarumi. In ya faɗa gurbin wufa, kiɗa zai tashi, baki na motsi, babu murya. Ba duk fim mai irin wannan matsalar ne daga nan take ba, amma tana cikin dalilan. Sai ka zagi iyafis ɗinka, alhali ba ruwansa.

51/
Kuma abin zai ƙara shafarmu. Masu haɗa sauti a situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos, duk wanda ke son aikinsa ya shiga sinima ko manyan manhajojin kallo, za a nemi 5.1 a wajensa wata rana. Aikin wata uku zai iya lalacewa a minti ɗaya saboda abin da bai kai bayit 40 ba.

52/
Ga abin da nake so duk mai tsara sabon tsarin fayil ya yi:
• kowane layi da aikinsa
• kusurwa da digiri, sifili a gaba, a faɗi ina ne tarawa
• nisa da mita, ga mai so
• babu zaɓin ma'auni
• "ban sani ba" da alamarsa
• fayil mai layi sama da biyu kar ya ajiyu babu wannan

53/
Na ƙarshen nan shi ya fi min muhimmanci. Da manhajar ta ƙi fitar min da fayil ɗin sai na faɗi wane layi na ina ne, da na ji haushi na minti ɗaya, na cike, na wuce. Tun ran gini ran zane. Tsarin da ya riga ya bazu a duniya gyara shi sai dai faci.

54/
Kafin a kai can, ga abin da na koya da kuɗin makin abokina:
• duba fayil da MediaInfo ko ffprobe, ka ga me ya ce kan layukansa
• yi ɗan fayil na gwaji da muryarka: "hagu", "dama", "tsakiya", ka kunna a ɗakin kafin ranar
• rubuta jerin a sunan fayil
• riƙe kwafin layi biyu a aljihu

55/
'Yan uwana ɗaliban kwamfuta da injiniya, takardun nan kyauta ne. RFC 7845 yana intanet, na FLAC ma ya fito a 2024, RFC 9639. Na ITU ma ana saukewa. Ku karanta ko guda ɗaya. In za ku tsara fayil a aikinku, ko na sauti ne ko na awon gona, ku rubuta ma'auni kusa da kowace lamba.

56/
Abokina ya ce mu sake fitar da fim ɗin kafin ya ɗora shi, wannan karon na gwada a ɗaki biyu da waya uku. Muryar jarumar ta dawo tsakiya. Makin dai ya tafi.

Wanda yake ganin radiyan ko zaɓin ma'auni ya fi, ya ajiye hujjarsa a ƙasa, zan karanta. Ku tura wa mai haɗa sautin da kuka sani.